Ƙofar 'Yandaka: Daga Kududdufi Zuwa Tafkin Iyo

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin Katsina ya san abu ɗaya game da Ƙofar 'Yandaka. Ta nan ne Gwamna Lugga ya shigo birni a 1903, a zamanin Sarki Abubakar, bayan da ya baro Sakkwato. Ana kawo shi a jarrabawa, ana ci, ana mantawa. To yau ba sawun Turawa za mu bi ba. Sawun ruwa za mu bi, domin wannan unguwa tana da labarin ruwa wanda ya girme zuwan Lugga da ɗaruruwan shekaru, kuma har gobe ba a gama shi ba.

Ƙofar tana yammacin tsohon birni, a kan hanyar da ta miƙe zuwa Batsari. Tana ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwa da kuka haddace tun firamare, ita da Guga, da Sauri, da Durɓi, da Marusa, da Ƙaura, da Ƙwaya. Sunanta sunan sarauta ne. 'Yandakan Katsina yana cikin masu zaɓen Sarki, kuma shi ne Hakimin Dutsin-Ma. Ku riƙe sunan Dutsin-Ma a zuciya, za mu dawo kansa.

In ka tsaya a bakin ƙofar da hantsi, za ka ga abin da ake gani a kowace ƙofa: Keke Napep, 'yan acaɓa, motocin ƙauye cike da buhuna, ɗaliban sakandaren gwamnati ta Ƙofar 'Yandaka suna sauri kada a rufe get. Amma ka ɗauke ido daga waɗannan ka duba masu tura kura. 'Yan ga-ruwa ne, kowane da jarkoki rawaya jere a cikin kurarsa, yana turawa da ƙirji, gumi na zuba tun rana ba ta yi zafi ba. Ƙirga nawa za su wuce ka cikin minti goma. Wannan ƙirgen ya fi kowane littafi gaya maka darajar ruwa a birnin nan.

Yanzu ga tambayar da ban taɓa ganin an yi a jarrabawa ba. Ƙasar da aka gina ganuwa da ita, daga ina aka samo ta?

Wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth, wanda ya shigo Katsina a 1851, ya rubuta cewa zagayen ganuwar ya kai mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20. Ku kwatanta katangar ƙasa mai wannan tsawo, mai kauri, wadda ta fi soro tsayi. Babu tifa a lokacin, babu katafila. Kowane dunƙule na wannan ƙasa da hannu aka haƙo shi, a kai aka ɗauko shi, kuma ba wanda zai tafi nesa neman abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Haka Hasumiyar Gobarau, haka Gidan Korau, haka tsohuwar Kwalejin Katsina, haka dubban soraye da zauruka na talakawa. Duk inda ka ga ginin ƙasa ya tashi sama, to akwai ramin da ya yi ƙasa a kusa da shi. Gini da rami tagwaye ne. Idan damina ta sauka ramin ya cika, sai sunansa ya koma kududdufi.

Mutanen da ba su ɗauki kududdufi a matsayin ɓarna ba. Shi ne ke shanye ruwan da ya gangaro daga indararo da lunguna, maimakon ya tsaya a gindin katanga ya jiƙa ta ta faɗi. A bakinsa magina ke kwaɓa ƙasa su yi tubali. A nan ake shayar da dabbobi, a wanke doki, a ɗebi ruwan gini. Wasu har da kifi a ciki, tarwaɗa da gaiwa. Ita gaiwa abin mamaki ce: in ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta tana shaƙar iska kaɗan-kaɗan har wata damina. Wanda malamin bayoloji ya yi wa bayanin kifi mai huhu, to ita ce.

Sannan akwai aikin da ba a rubuta wa kududdufi ba, amma ya fi kowane farin jini wajen yara maza. Katsina ba garin kogi ba ce. Yaron Argungu ko Yawuri yana buɗe ido ya ga ruwa a gabansa, ya ga babansa a kan gora yana su. Yaron Katsina ba shi da wannan. Rafukan birnin sai da damina suke gudu. Saboda haka duk Bakatsinen cikin birni da ya iya iyo, in ka bincika, a kududdufi ya koya, a ɓoye, ba da sanin gida ba. Ya cire riga ya ɓoye a gindin bishiya, ya faɗa, ya fito ya tsaya a rana ya bushe, ya shafa ƙasa a ƙafa don kada a gane. Amma jan ido da furu-furun fata sukan tona asiri, a sha bulala, gobe a koma.

Iyayen da ke bulalar nan suna da hujja, kuma gara ku san hujjar tasu dalla-dalla, domin tsoron da aka san dalilinsa ya fi kare mutum.

Na farko, kududdufi ba don wanka aka haƙa shi ba. Mai haƙar ƙasa yana bin inda ƙasa mai kyau take ne. In ya sami jar ƙasa mai danƙo sai ya yi ta nutsawa a wurin, ya bar gefen da ba shi da amfani. Shi ya sa ƙasan kududdufi ba shimfiɗe yake ba. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ka ƙara sai ka ji babu ƙasa. Ruwan kuma ja ne ko kore, ba ka ganin tafin hannunka a ciki, balle gaɓar ramin. Ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa, ga fasassun kwalabe, ga waya, ga leda. A unguwanni da yawa za ka ji ana cewa kududdufi kaza yana cin mutum duk shekara, wai akwai mutanen ɓoye a ciki. Ni dai abin da zan ce, rami mai gaɓa a tsaye, da laka, da yaron da bai iya iyo ba, sun isa su yi wannan aikin ba tare da taimakon kowa ba.

Wani abin da fim ya ɓata mana shi ne yadda nutsewa take. A fim mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. A zahiri yawanci shiru ne. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ɗan lokacin da ya samu numfashi yake nema, ba shi da sararin kira. Abokansa na iya zama taku biyar daga gare shi suna dariya, suna zaton wasa yake. Cikin 'yan mintuna an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma yara da matasa ne suka fi yawa a ciki. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatarwa a kai, tun daga 2021. Ku lura da watan. Daidai lokacin da kududdufanmu ke cika ne, ana dab da dogon hutu.

Haɗari na biyu ba ya kisa a take, shi ya sa aka raina shi. Tsargiya ke nan, ko fitsarin jini. A shekarar da Barth ya shigo Katsina, 1851, wani ɗan ƙasarsu likita mai suna Bilharz yana birnin Alƙahira, a can ya gano tsutsar da ke kawo wannan ciwo. Ga yadda take zagayawa. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar su fita tare da fitsarin su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su nemi wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa su shige jikinsa. A nan suke hayayyafa, bayan 'yan makonni su fito dubbai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, ko da ƙafa kawai ka tsoma. Su bi jini su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai. Ƙwayayen ne ke yi wa mafitsara rauni, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari.

A da, a wurare da dama, yara maza kan ɗauki wannan jini alamar girma, har a yi ta alfahari da shi. Ba girma ba ne, ciwo ne. Yana rage jini, yana sa kasala da rashin fahimta a aji, in ya daɗe yana taɓa ƙoda, yana iya kai wa ga sankarar mafitsara. 'Yan mata da ke wanki ko ɗibar ruwa a irin wuraren nan ma suna kamuwa, kuma a wajensu yana iya shafar mahaifa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan ciwo a duniya. Maganinsa sananne ne, sunansa praziquantel, shi ne ƙwayar da ma'aikatan lafiya kan zo rabawa a makarantu, su tsayar da kai jikin wata sanda mai zane-zane su auna tsayinka kafin su ƙirga maka. A sha bayan an ci abinci. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ya gaya wa babba a gida a je asibiti, babu abin kunya a ciki. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai. In ka koma ruwan, ka koma gidan jiya.

Shiga cikin unguwa daga ƙofar, ka tambayi dattawa inda kududdufai suke a ƙuruciyarsu. Sau da yawa shago za a nuna maka, ko gida, ko fili mai tulin shara. Abin da ke faruwa a Kano da Zariya shi ke faruwa a nan. Da bulo da siminti suka karɓe gini, aka daina buƙatar ramin, sai ya koma juji. A zuba shara shekara da shekaru har ya cika, a bi da ƙasa a kai, a yanka fuloti. Uwa mai ƙananan yara za ta ce alhamdu lillahi, kuma da gaskiyarta. Amma ruwan sama bai san an sayar da wurin ba. Yana zuwa inda ya saba, in bai sami ramin ba ya shiga ɗakunan mutane. Gidan da aka gina a kan shara kuma yakan yi ta tsagewa, don ƙasan ba ta daina zama ba.

To a daidai lokacin da tsofaffin ramuka ke rufewa a cikin birni, wasu sababbi na buɗewa a wajensa. A otal-otal da manyan gidajen sababbin unguwanni an fara gina tafkin iyo, mai shuɗin tayil, wanda kuke gani a hotunan waya. Na san da yawa cikinku sun taɓa cewa a ransu, in na yi kuɗi sai na gina irinsa a bayan gida. Ba laifi ba ne. Amma tunda ku ɗalibai ne, ku ɗauko biro mu gina shi a takarda tukuna, mu ga abin da zai ci.

Mu ce tsawonsa mita 8, faɗi mita 4, zurfi mita ɗaya da rabi. Wannan matsakaici ne, ba na gasa ba, domin na gasar Olamfik tsawonsa mita 50 ne. Ku ninka: 8 sau 4 sau 1.5 ya ba da 48. Kowane ɗaya a cikin 48 ɗin nan akwati ne mai mita ɗaya ta kowane gefe, kuma yana cin lita 1,000. Ke nan lita 48,000. Jarkar ɗan ga-ruwa lita 25 ce, saboda haka jarka 1,920. In kura tana ɗaukar jarka 12, sawu 160 ke nan. In tanka za a kira mai lita 10,000, sai ta yi sawu biyar. Ku sake duba ta wata fuskar. Masana lafiya na cewa mutum yana buƙatar kamar lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum goma, lita 500. Ruwan da zai cika tafkinmu sau ɗaya zai riƙe wannan gida kwana 96, wata uku da 'yan kwanaki.

Kuma ba a cikawa sau ɗaya a huta. Rana tana da nata kason. Fuskar tafkin mita 32 ce in an ninka tsawo da faɗi. Mu ɗauka a tsakiyar bazara, watan Afrilu, zafi da busasshiyar iska suna ɗauke milimita 8 a kwana. Lissafin ya ba da lita 256, wato jarka goma ke tashi sama kullum ko ba wanda ya shiga. Shi ya sa masu hankali ke rufe shi da tamfol in ba a amfani da shi.

Daga ina ruwan zai fito? Ruwan famfon Katsina ya daɗe yana dogaro da dam ɗin Ajiwa, wanda aka gina a shekarun 1970, lokacin da birnin bai kai rabin yadda yake yau ba. Ga kuma dam ɗin Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, ƙasar 'Yandaka mai wannan ƙofa. An gama shi tun 1983, amma ruwansa ya yi shekaru da yawa a kwance kafin a ƙaddamar da aikin tace shi da turo shi a 2021. Duk da haka kurar ga-ruwa ba ta bar titi ba, kun gani da idonku. Mai tafki zai ce ai burtsatse zai haƙa. To, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya bin iyakar fuloti. Wanda ya zurfafa ya sa babban inji, daga tulu ɗaya yake ja da rijiyar maƙwabcinsa.

Sai wurin da za a haƙa. A cikin tsohon birni kusan babu wannan magana. Tsakar gida ƙarama ce, katangarka ita ce katangar maƙwabci, ga masai a kusurwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tafkinmu ke nan tan 48 ne zaune a wuri ɗaya. In ya tsage yana yoyo a hankali, danshin zai bi ƙasa ya sami gindin katangar ƙasa, kuma kun san abin da danshi ke yi wa ginin ƙasa. Saboda haka ana neman fili mai nisa da gini, da masai, da manyan bishiyoyi masu saiwa irin su darbejiya. Ana kai zane hukumar tsara birane a sami izini. Injiniya ya duba irin ƙasar wurin, domin yashi da laka da marmara ba ɗaya suke ɗaukar nauyi ba. Sannan a haƙa. A nan akwai abin dariya: kakanninmu sun yi rami don suna son ƙasa, ruwa ya zo musu kyauta. Mai tafki yana yin rami don yana son ruwa, sai ya biya tifa ta kwashe masa ƙasar.

Bayan haƙa sai a daddaɓe ƙasan, a shimfiɗa bututu, a saƙa rodi kamar tabarma a ƙasa da bango, a zuba kankare. Magina sun fi son a zuba shi ba tare da dogon tsaiko ba, don inda sabon zubi ya haɗu da busasshe nan ne ruwa ke samun hanya. A yi ta ba shi ruwa kwanaki har ya yi ƙarfi, a shafe da maganin hana yoyo, a cika shi a bar shi a ga ko zai ragu, sannan a manna tayil. Wanda ya yi gaggawar manna tayil kafin gwaji, zai fasa shi da hannunsa.

Kada ku ɗauka hana rami yoyo ilmin Turawa ne. Ku je marina ku leƙa karofi. Rami ne mai zurfi da ke riƙe ruwan baba shekara da shekaru. Da laso ake shafe cikinsa, wani simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi, wato gurɓin da ke taruwa a ƙasan karofin, a ƙona shi a daka, a gauraya da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin yana yin aikin da rodi ke yi, yana hana tsagewa. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai shiga ajin kimiyya ba, amma injiniya ne.

An gama gini, an cika. Yanzu aikin ya fara. Ruwan da ke tsaye, ko a cikin tayil yake, in aka bar shi mako biyu zai koma kore, sauro ya zuba ƙwai, ya zama kududdufi mai tsada. Abu biyu ke hana haka. Ɗaya inji ne da ke jan ruwan ya bi da shi ta cikin tukunyar yashi ya tace, ya dawo da shi, sa'o'i da yawa kowace rana. Inji kuwa sai da wuta, ga yadda wutar take, sai dai janareta ko sola. Na biyu sinadarin kulorin ne, wanda ake sawa daidai gwargwado, miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. A kuma riƙa auna tsamin ruwan, abin da kuke kira pH a ajin kemistiri, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya haura, kulorin ya rage aiki. In ya sauka, ido ya yi ta zafi. Kulorin ɗin nan da rashin dodon koɗi su ne suka raba tafki da tsargiya. Da hunturu kuma, ƙurar da ke kwanciya a kan tebur ɗin ajinku ita ce ke kwanciya a kan ruwan, kullum sai an share.

Akwai abu ɗaya da masu gini kan bari sai ƙarshe, alhali shi ya kamata a fara sa wa kuɗi: shinge. Tafkin gida ya fi kududdufi haɗari ga yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya, don kududdufi sai an fita an je, shi kuwa wannan yana bayan ɗaki. A Ostireliya doka ce a kewaye shi da shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta, sakatarta a sama inda hannun yaro ba ya kai. Faransa ma ta yi dokar kariya ga tafkunan gida a 2003. A gidajenmu da yaran maƙwabta ke shiga su fita ba sallama, buƙatar ta fi tasu. Wannan gargaɗi ya shafi har gidan da ba shi da tafki. Rijiya marar murfi, da ramin ajiyar ruwa na masu gini, da baho cike da ruwan wanki, duk sun isa su halaka ƙaramin yaro. Ku duba gidajenku yau.

In kuwa ka ga wani yana nutsewa, kada ka faɗa, ko da ka iya iyo. Mai nutsewa yana da ƙarfin firgita, zai riƙe ka ya danna ka ƙasa, shi ya sa sau da yawa ake fito da gawa biyu. Ka yi ihu a zo. Ka kwanta a gaɓa ka miƙa masa gora ko igiya ko rawani. Ko ka jefa masa jarka marar komai a ciki, da murfinta a rufe. Jarka mai lita 25 tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 25 a ruwa, wannan ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. In an fito da shi, a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo.

Ga inda ra'ayina yake. Hana yara zuwa kududdufi daidai ne, amma hani kaɗai yana barinmu da al'umma wadda ba ta iya iyo ba, kuma ruwa ba ya tambayar ko an hana ka koyo. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutum kusan 30 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya. A watan Mayun 2022, cikin bikin Sallah, irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Mai'aduwa a nan jiharmu, nan ma yara ne suka fi yawa. Lodi fiye da ƙima da rashin rigar ruwa su ne manyan dalilan irin wannan haɗari, amma yaron da ya iya kwanciya a kan ruwa na minti biyu yana da damar da ɗan'uwansa ba shi da ita. 'Yan mata kuwa kusan babu mai koya musu ko kaɗan, alhali jirgi ɗaya ake shiga da su.

Ƙasar Bangaladash, wadda ruwa ya yi wa yawa kuma kuɗi ya yi wa kaɗan, ta sami wata dabara. A ƙarƙashin wani shiri mai suna SwimSafe, sukan kafa dandamalin gora a cikin tafkin ƙauye, su kewaye shi, ya zama wuri marar zurfi inda matasan garin da aka horar ke koya wa yara. Abin da ake nema wurin yaro kaɗan ne: ya yi iyon mita 25, ya iya tsayawa a kan ruwa na daƙiƙa 30, ya san yadda ake ceto daga gaɓa. Ba za mu iya kwafar wannan kai tsaye ba, domin su ba su da tsargiya a ruwansu, mu muna da ita. Namu sai dai ginanne, mai kulorin.

To mu koma kan takardarmu mu canja awo. Tsawo mita 12.5, faɗi mita 4, zurfi santimita 90 daga farko har ƙarshe, yadda ɗan aji ɗaya zai tsaya kansa a waje. Lissafin ya ba da lita 45,000, bai ma kai na gidan mutum ɗaya da muka zana ɗazu ba. Zuwa da dawowa mita 25 ke nan cif. A gina shi a harabar makaranta ɗaya, makarantun kewaye su riƙa zuwa bi da bi. A ja masa katanga mai tsayi da ƙofa mai kwaɗo, safiya ta 'yan mata da malamai mata, yamma ta maza. In ana ɗaukar yara goma a lokaci guda, rukuni huɗu a rana, kowane rukuni ya yi mako uku, zangon karatu mai mako 12 zai fitar da yara 160. Kuɗin ginin aikin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne ko ta iyaye da malamai. Abin da zai fi ba su wahala shi ne na bayan gini: kulorin na kowane wata, da solar da za ta juya injin, da albashin mutum ɗaya wanda ba ya barin bakin ruwan muddin akwai yaro a ciki.